Gudummawar Laburare ga Malami da Ɗalibi Mai Bincike: Darasi Daga Potiskum

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗalibai, idan aka ambaci laburare, abin da ke fara zuwa zukatanmu shi ne wani babban zaure mai kujeru da fanka, inda ake fakewa a haddace darasi idan jarrabawa ta ƙarato. Mukan shiga da takardun da malami ya ba mu, mu kuma fita da su, ba tare da mun taɓa ko littafi ɗaya a kan kanta ba. Sai an kai shekarar ƙarshe, an ce kowa ya kawo batun da zai rubuta kundi a kansa, sannan ido ke raina fata. A lokacin ne ɗalibi ke gane cewa ya shekara uku yana wuce teburin mutanen da aka ɗauka aiki musamman domin su taimake shi, amma bai taɓa yi musu tambaya ko sau ɗaya ba.

Wannan maƙala za ta dubi hidimomin da laburaren babbar makaranta ke yi wa malami wajen koyarwa, da waɗanda yake yi wa ɗalibi wajen bincike. An ɗauki garin Potiskum na Jihar Yobe a matsayin misali, saboda gari ne da aka yi aikin harshe mai yawa a cikinsa, kuma labarin wannan aiki yana nuna abin da ɗalibin harshe zai samu idan ya san yadda ake nema, da abin da zai rasa idan bai sani ba.

2.0 Mene Ne Laburaren Babbar Makaranta?

Laburare iri-iri ne. Akwai na ƙasa, akwai na jama'a wanda kowa ke iya shiga, akwai na makarantun firamare da sakandare, akwai kuma na musamman, kamar na kotu ko na asibiti. Wanda ya shafe mu shi ne na babbar makaranta, wato na jami'a ko kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, manhajar makarantar ce ke ja masa gora. Duk littafin da ya saya da duk mujallar da ya yi rajista da ita, ana sa ran su yi wa wani kwas ko wani bincike amfani.

Wannan ne ya sa idan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ko Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi wadda aka kafa a 1989, suka zo tantance wani kwas, ba su tsayawa ga ƙidaya malamai da azuzuwa kawai. Sukan shiga laburare su duba littattafai da mujallun da suka shafi kwas ɗin, su ga yawansu da shekarun da aka buga su. Ta fuskar kuɗi kuwa, gwamnatin tarayya ta kafa asusun harajin ilimi a 1993, wanda dokar 2011 ta mayar da shi asusun tallafa wa manyan makarantu da aka fi sani da TETFund. Bunƙasa laburare yana cikin abubuwan da asusun ke ware wa kuɗi.

Ke nan, aikin ilimi a babbar makaranta kamar murhu ne mai duwatsu uku: malami da ɗalibi da ma'aikacin laburare. Idan aka cire ɗaya, tukunya ba za ta zauna daidai ba.

3.0 Potiskum da Harsunanta

Potiskum tana cikin Jihar Yobe, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Borno a ranar 27 ga Agusta, 1991. An san garin da kasuwar shanu da kasuwar hatsi da manyan motocin dakon kaya. A nan ne Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980 domin horar da malamai. 'Yan garin masu sha'awar nazarin harshe sukan nufi Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ko Jami'ar Maiduguri, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Ga ɗalibin harshe, babbar dukiyar Potiskum ita ce harsunanta. Hausa ce harshen kasuwa da na titi, amma a gidaje ana jin Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Ngamo, ga kuma Fillanci da Barbarci. Harsuna huɗun farko 'yan'uwan Hausa ne, domin duk suna cikin reshen yamma na iyalin harsunan Cadi. Bolanci da Karekare da Ngamo sun fi kusa da Hausa a wajen rabon da masana suka yi, shi kuwa Ngizimanci yana rukuni ɗaya da Badanci da Duwai na yankin Gashuwa.

Wani masanin harshe ɗan Amurka, Russell Schuh, ya zauna a Potiskum tsakanin 1969 da 1970 yana nazarin Ngizimanci. Daga wannan zama ne ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1972, ya kuma fitar da ƙamusun Ngizimanci a 1981. A farkon shekarun 2000 ya dawo tare da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, wanda Bolanci ne harshensa na gado, suka jagoranci wani shiri na binciken harsunan Yobe. Masu harsunan da kansu ne suka tattara kalmomin. A 2004 aka buga ƙamusoshin Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Ngamo da Badanci a garin Potiskum, kowanne da fassarar Ingilishi da ta Hausa, aka kuma sake fitar da su da ƙari a 2009. A 2015 maɗaba'ar Jami'ar Kalifoniya ta buga babban ƙamusun Bolanci na Gimba da Schuh. Shi Schuh ya rasu a 2016.

Tambayar da ya kamata kowannenmu ya yi wa kansa ita ce: ɗalibai nawa ne daga wannan yanki suka rubuta kundi a kan hulɗar Hausa da waɗannan harsuna ba tare da sun san da waɗannan ƙamusoshi ba? Tsakanin littafin da aka buga da ɗalibin da ke bukatarsa akwai tazara, kuma cike wannan tazara shi ne aikin laburare.

4.0 Hidimomin Laburare ga Malami

4.1 Zaɓen Littattafai

Ma'aikacin laburare ya san hanyar sayen littafi da sarrafa shi, amma malami ne ya san abin da zai koyar. Saboda haka ne laburare kan aika wa sassa takarda su rubuto sunayen littattafan da suke so a saya. Wasu makarantun sukan ware wa kowace tsangaya ma'aikacinta guda, wanda zai riƙa zama da malamanta. Idan sashe ya yi sakaci da wannan takarda, kuɗin zai tafi ga sashen da ya amsa, daga baya a riƙa kukan babu littattafan Hausa a kanta. Malamin nahawu, alal misali, shi ya kamata ya tabbatar akwai littafin nahawu na M. K. M. Galadanci na 1976, da babban nahawun Paul Newman na 2000, da na Philip Jaggar na 2001. Na tarihin adabi kuma ya nemi a ajiye Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a 1988.

4.2 Sashen Ajiya

Sau da yawa littafi ɗaya ne tak a laburare, ga shi kuma aji na da ɗalibi ɗari. Idan aka bar shi a buɗaɗɗiyar kanta, mutum ɗaya zai are shi har ƙarshen zango, wani ma ya ɓoye shi a bayan littattafan wani fanni domin shi kaɗai ya san inda yake. Maganin wannan shi ne sashen ajiya. Malami zai ba da sunayen littattafan da ya ɗora kwas ɗinsa a kansu tun farkon zango, sai a janye su a ajiye a bayan tebur. Ɗalibi zai ba da katinsa ya karɓa, ya karanta na 'yan awoyi a cikin laburare, ya mayar. Malami na iya kawo nasa littafin na kansa a ajiye a nan na zango guda. Wannan hanya ta fi dogaro da taƙaitattun takardun darasi, domin ɗalibi zai ga hujjar marubuci da misalansa a cike, ya saba da karanta doguwar magana.

4.3 Sanar da Sababbin Ayyuka

Malamin da ke ɗauke da kwasa-kwasai huɗu ko biyar, ga duba kundaye, ga makin jarrabawa, ba shi da lokacin bin kowace mujalla. Laburare kan rage masa wannan nauyi ta hanyar liƙa jerin sababbin littattafai, ko aika masa abin da sabuwar mujalla ta ƙunsa. Akwai kuma hidimar da ta fi wannan zurfi, inda ma'aikaci zai rubuta fannin da kowane malami ke bincike a kai, duk lokacin da wani abu ya shigo a fannin sai ya sanar da shi kai tsaye. A da da takarda ake yi, yanzu saƙon waya ya wadatar.

4.4 Koyar da Amfani da Laburare

Kusan kowace babbar makaranta tana da kwas na amfani da laburare a shekarar farko. Matsalar ita ce, a lokacin ɗalibi bai san amfaninsa ba, haddacewa yake yi ya ci jarrabawa ya manta. Abin da ya fi tasiri shi ne malamin dabarun bincike ya gayyato ma'aikacin laburare ajinsa a daidai lokacin da ɗalibai ke neman batun kundi, ko kuma ya ba da jingar da ba za ta yiwu ba sai an shiga kanta.

5.0 Hidimomin Laburare ga Ɗalibi Mai Bincike

Domin a fahimci wannan sashe sosai, bari mu ɗauki misali. A ce wata ɗaliba daga Potiskum tana son rubuta kundi a kan kalmomin da Bolanci ya ara daga Hausa. Ga matakan da za ta bi.

5.1 Sashen Kundaye

Nan ne zangon farko. Kafin ta kai wa malaminta batu, ya kamata ta duba jerin kundayen da aka riga aka rubuta a sashenta da na maƙwabtan jami'o'i. Babu abin da ya kai ɓacin rai kamar ɗalibi ya rubuta babi uku sannan a gano an yi aikin shekaru goma da suka wuce. Idan ta tarar an taɓa batun, ba shi ke nan ta haƙura ba. Za ta iya taƙaita nata ga wani fage, kamar kalmomin kasuwa ko na mulki ko na addini, ta kuma bayyana inda na baya ya tsaya. Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da bitar ayyukan da suka gabata da hujjar ci gaba da bincike. Jera sunayen marubuta da shekaru kawai ba bita ba ce.

5.2 Kataloji da Lambar Kira

Kataloji, na kati ne ko na kwamfuta, yana ba da damar nema ta sunan marubuci ko sunan littafi ko fanni. Abin da ake kwafowa daga cikinsa shi ne lambar kira, wadda ita ce adireshin littafi a kanta. Mafi yawan jami'o'in Nijeriya suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mai amfani da haruffa da lambobi. A wannan tsari harshe da adabi suna ƙarƙashin P, harsunan Afirka suna cikin PL daga lamba 8000, ita kuwa Hausa tana tsakanin PL8231 da PL8234. Tarihin Afirka yana DT, na Nijeriya DT515, tatsuniyoyi da al'adun baka suna GR, ilimi kuma L. Inda ake bin tsarin Dewey, wanda ya fara fitowa a 1876, harshe yana 400, adabi yana 800, Hausa kuma tana 493.72. Wanda ya riƙe waɗannan 'yan lambobi ya rage wa kansa yawo. Idan kuma ta sami littafin da take nema, ta dubi na damansa da na hagunsa, domin 'yan fanni ɗaya a jere suke.

5.3 Teburin Tambaya

Matambayi ba ya ɓata. Amma tambaya ma tana da ƙa'ida. Wanda ya ce, “Ina son littafi a kan Hausa,” kanta kawai za a nuna masa. Wanda ya faɗi batunsa, da abin da ya riga ya karanta, da inda ya maƙale, shi ne zai sami taimako na gaske.

A nan ne ɗalibarmu za ta gano cewa batunta ya fi yadda take zato zurfi. Idan ta ga kalma ta yi kama a Hausa da Bolanci, akwai fuska uku. Ta yiwu gado ne daga tushe ɗaya, tun da harsunan 'yan'uwa ne. Ta yiwu Bolanci ne ya ara daga Hausa. Ta yiwu kuma dukkansu biyu sun aro ta ne daga Barbarci ko Larabci, domin yankin ya daɗe yana hulɗa da daular Borno. Sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima, waɗanda muke ji kamar Hausa ce tsantsa, daga Barebari suka zo. Joseph Greenberg ya yi rubutu a kan tasirin Barbarci a Hausa tun 1960, kuma a mujallar tarihin Afirka ya buga shi. Ɗalibar da ta tsaya a kantar harshe kaɗai ba za ta gan shi ba, sai an nuna mata.

Domin warware waɗannan fuskoki uku, za ta bukaci ƙamusoshi da dama a gabanta lokaci guda: na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da ƙamusun Bolanci, da na Barbarci. Ba a ba da aron irin waɗannan littattafai zuwa gida, a sashen tuntuɓa ake amfani da su. Akwai kuma jerin ayyukan da aka yi a kan Hausa da harsunan Cadi wanda Paul Newman ya tattara, aka sa shi kyauta a intanet. Da shi mai bincike zai san abin da aka rubuta kafin ya fara neman inda yake.

5.4 Mujallu da Intanet

Sabon bincike a mujalla yake fara fitowa kafin ya shiga littafi. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana fitar da mujallar Harsunan Nijeriya, sassan harsuna na sauran jami'o'i ma suna da nasu. A intanet akwai rumbun AJOL, wanda aka fara a 1998 domin mujallun Afirka, da JSTOR mai ɗauke da tsofaffin fitowar manyan mujallu na duniya. Wasu rumbunan sai makaranta ta yi rajista, kuma lambar shiga tana hannun ma'aikatan sashen kwamfuta na laburare. Sau da yawa makaranta tana da rajistar, ɗalibai ne ba su tambaya ba.

Wani gargaɗi ya zama dole a nan. Tun daga 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka yaɗu, ana samun ɗalibai suna kawo sunayen littattafai da marubutan da babu su a duniya, domin manhajar kan ƙaga su. Ƙa'idar ita ce, kada ka sa wani aiki a manazartarka sai ka gan shi da idonka. Haka kuma kwafe kundin wani a canza sunan gari satar fasaha ce, kuma makarantu da dama suna da manhajar gano ta.

5.5 Takardar Gabatarwa

Babu laburaren da ya mallaki komai. Idan abin da ake nema ba ya nan, shugaban laburare kan ba ɗalibi takardar gabatarwa zuwa wani wuri. Daga Potiskum ana iya nufar Laburaren Ramat na Jami'ar Maiduguri, ko na Jami'ar Bayero, ko Laburaren Kashim Ibrahim da ke Zariya. Mai neman rahotannin zamanin Turawa a kan ƙasar Fika da Potiskum zai nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970. Kafin a kashe kuɗin mota, ma'aikacin laburare na iya tuntuɓar takwaransa ya tabbatar abin yana can.

6.0 Abin da Aka Rubuta a Gida

Littafin da babban kamfani ya buga yana da sauƙin samu, domin yana cikin jerin dillalai. Wanda ke saurin ɓacewa shi ne wanda aka buga a ƙaramar maɗaba'a ta cikin gari, da takardun taron ƙara wa juna sani, da kaset ɗin waƙa ko wa'azi, da hirarrakin da ɗalibai ke ɗauka da dattawa. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, amma ƙananan marubuta da yawa ba su san da ita ba. Littattafan ƙagaggun labarai na Hausa da suka yaɗu daga Kano tun tsakiyar shekarun 1980 misali ne. An buga su da yawa ƙwarai, amma jerinsu na shekarun 1987 zuwa 2002, wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara, a Jamus aka buga shi a 2004.

Wannan gurbi laburaren makarantar da ke cikin gari ne ya fi dacewa ya cike shi, amma ba zai iya shi kaɗai ba. Malami ne ya san wanda ya rubuta wani ɗan littafi a kan tarihin unguwa, ɗalibi ne ke shiga ƙauye da na'urar ɗaukar magana. Tsohuwar da ta ba ɗalibarmu tatsuniya cikin Bolanci ko Ngamo a bana, wataƙila jikokinta da Hausa kaɗai za su tashi. Idan muryarta ta tsaya a wayar ɗalibar, ranar da wayar ta lalace ta tafi ke nan. Idan kuwa aka miƙa kwafinta ga laburare tare da kundin, da yardar mai maganar, da bayanin wuri da rana, mai bincike na gaba zai ɗora daga nan.

7.0 Kammalawa

An ga yadda laburare ke taimakon malami ta hanyar zaɓen littattafai da sashen ajiya da sanar da sababbin ayyuka da koyar da ɗalibai, an kuma bi matakan da ɗalibi zai bi tun daga sashen kundaye har zuwa takardar gabatarwa. Misalin Potiskum ya nuna cewa kayan aikin da ɗalibi ke bukata na iya kasancewa an buga su a garinsu, amma ya gama karatu bai ji labarinsu ba.

Shawara ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kada a jira shekarar ƙarshe. Tun a wannan zango a yi rajista a karɓi kati, a je kantar PL a ga abin da ke wurin, a kuma gabatar da kai ga ma'aikacin teburin tambaya. Malamanmu kuma muna roƙon su riƙa amsa takardar zaɓen littattafai a kan lokaci, su kuma ajiye kwafin duk abin da suka rubuta a laburaren makarantarsu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.